Ido Ba Mudu Ba Ne: Awon Da Ake Tsallakewa Kafin A Rufe Kan Inji

Idan mota ta yi zafi har ta ƙona gaskit, abin da zai biyo baya sananne ne. Bakanike zai kwance kan inji, wanda a gareji ake kira top silinda, ya kai wa masu injin gogewa su kankare fuskarsa har ta miƙe tana ƙyalli. A sayo sabon gaskit, a ɗaure, mota ta tashi, mai ita ya biya ya tafi. Bayan 'yan makonni sai ya fara jin wata siririyar ƙara, kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, duk lokacin da ya taka totur a hawan tudu, ko da rana tsaka mota na ɗauke da kaya. Idan ya koma gareji, laifin yakan faɗa kan gidan mai ko kan fulogi. Wani lokaci kuwa man ne da gaske. Amma akwai wani dalilin da ba a cika dubawa ba: ƙarfen da aka kankare ya rage girman ɗakunan da mai ke ƙonewa a ciki, kuma ba lallai ne ya rage su daidai da juna ba.

Matsayin wannan rubutu shi ne, duk kan injin da aka goge, ko aka yi wa walda, ko aka sake yanka mazaunin bawul ɗinsa, bai kamata ya koma bisa inji ba sai an auna ɗakunan ƙunarsa ɗaya bayan ɗaya an rubuta sakamakon. Aikin bai kai awa ɗaya ba, kayansa kuma ba su kai kuɗin gaskit mai kyau ba. Daidaita ɗakunan su zama ɗaya wani mataki ne na daban, wanda ba kowace mota ke bukata ba, kuma sai an yi awo ake sanin wadda ke bukata.

Abin da ake aunawa

A injin fetur mai bugu huɗu, irin wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a 1876, fistin yana sauka ya zuƙo iska da mai, sannan ya hau ya matse su. Idan ya kai ƙololuwar hawansa, akwai ɗan sarari da ya rage tsakaninsa da kan inji. A nan ne dukan abin da aka zuƙo yake taruwa, a nan ne fulogi ke ba da tartsatsi. Mafi yawan wannan sarari rami ne da aka fafe a fuskar kan inji, inda bawul-bawul da bakin fulogi suke, shi ne ɗakin ƙuna. Ragowar ya haɗa da kaurin gaskit, da tazarar da ke tsakanin fistin da saman bulo, da duk wani kwari ko tudu da ke kan fistin ɗin kansa.

Ana auna wannan sarari da cc, wanda daidai yake da mililita ɗaya. Cokalin shayi yana cin cc 5. Daga wannan awo ne ake fitar da ninkin matsi, wato sau nawa aka matse iskar: a haɗa sararin da fistin ya share a hawansa da sararin da ya rage, a raba jimillar da sararin da ya rage.

Ga misali daga injunan da suka cika titunan Najeriya da Nijar. Injin Toyota 3S-FE da injin Honda K20 duk masu lita 2 ne da silinda huɗu, faɗin silinda milimita 86, tafiyar fistin ita ma milimita 86. Kowace silinda tana share kusan cc 500. Idan aka ɗauka ninkin matsin inji mai wannan girma 10:1 ne, sararin da ya rage zai zama cc 55.5, kimanin cokalin shayi goma sha ɗaya. A rage cc ɗaya kacal daga ciki, ninkin ya hau zuwa 10.17. A ƙara cc ɗaya, ya sauka zuwa 9.84.

Faɗin bakin wannan silinda kuwa ya kai murabba'in santimita 58. Saboda haka, a kan injin da bakin ɗakinsa ya kusa cika faɗin silinda, kankare rabin milimita yana cinye kusan cc 3, ninkin matsi ya tashi daga 10 zuwa 10.5. Milimita ɗaya cif tana kai shi 11. Rabin milimita kaurin takardu biyar ne aka jera. Wannan ne ya sa ido ba ya ganin canjin, kuma bakaniken da ya shafa fuskar ya ji ta sumul ba shi da dalilin zargin komai.

Dalilin da ya sa matsi ke da iyaka

Ƙarin matsi a kan kansa alheri ne. A lissafin takarda, inji mai ninki 8 yana iya juya kimanin kashi 56 cikin 100 na zafin mai zuwa aiki, mai ninki 10 kashi 60, mai ninki 12 kashi 63. Injin gaske ba ya kaiwa nan saboda zafin da ke tserewa da gogayyar ƙarafa, amma hanyar ɗaya ce: matsi ya ƙaru, mai ya ƙara auki. Abin da ya hana masu ƙera motoci yin ta ƙarawa shi ne halin fetur.

Idan fulogi ya kunna wuta, harshenta yana bazuwa ne daga tsakiya zuwa gefe a tsanake. Cakuɗen da ke can gefen ɗaki yana jiran wutar ta iso, yana ƙara matsuwa yana ƙara zafi. Idan zafin ya wuce abin da man zai iya jurewa, sai ya fashe da kansa gaba ɗaya kafin wutar ta iso. Girgizar wannan fashewa ce ke bugun bangon silinda ta ba da ƙarar tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙwanƙwasa daban take da abin da ake nufi idan aka ce inji ya buga, amma tana cikin hanyoyin da ke kai inji can. Idan ta daɗe tana fasa gaɓar da ke riƙe zoben fistin, tana zaizaye saman fistin, tana kuma cin bakin gaskit ɗin da aka sa sabo.

Injiniyan Ingila Harry Ricardo ne ya fi kowa warware wannan al'amari a shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya da bayansa, inda ya ƙera injin gwaji da ake iya canza matsinsa don a ga inda kowane mai ke fara ƙwanƙwasa. Lambar okten da ake ba fetur daga irin wannan gwaji ta samo asali. Neman maganin ƙwanƙwasa ne kuma ya sa Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano sinadarin dalma da aka riƙa zubawa a fetur, a watan Disamba na 1921. Duniya ba ta rabu da wannan guba a man motoci ba sai 2021, lokacin da Aljeriya ta daina sayar da shi. Shekaru ɗari aka yi ana shaƙar dalma don a sami damar ƙara matsi da maki biyu ko uku. Injin gogewa yana iya ƙara rabin maki cikin minti ashirin ba tare da kowa ya nema ba.

Yadda ake awon

Duk wanda ya yi jarrabawar kemistiri ta aikin hannu a sakandare ya riƙe babban kayan aikin: buret, dogon bututun gilashin nan mai zane-zanen awo da ɗan famfo a ƙasa. Mai cin cc 100 ya wadatar. Idan babu, babban sirinji mai zane yana ba da kimantawa, ko da yake bai kai buret daidaito ba. Sai faranti na roba mai garai-garai, mai kauri yadda ba zai lanƙwashe ba, da ƙaramin rami kusa da gefensa. Sai ɗan giris ko basilin, da ruwan awo. Kananzir ko sifirit da aka sa wa launi sun fi ruwa zalla, don ba sa tara kumfa kuma ba sa kawo tsatsa.

Ana wanke ɗakin a kankare baƙin da ya daskare, domin shi ma yana cin wuri. A mayar da bawul-bawul ɗin da za su yi aiki a wannan ɗaki, a shafa ɗan giris a mazauninsu don kada ruwa ya tsiyaye, a ɗaura irin fulogin da injin zai yi amfani da shi. A kifa kan injin fuskarsa na kallon sama, a ɗan karkata shi yadda ramin farantin zai zama wuri mafi tudu. A shafa giris siriri a kewayen ɗakin, a danna farantin, a kula kada giris ya matso ciki ya ci wuri. Sannan a buɗe famfo a hankali har ruwa ya kori kumfar ƙarshe ya taɓa gindin ramin. Abin da ya ragu a buret shi ne girman ɗakin. A maimaita sau biyu, a rubuta, a wuce ɗaki na gaba.

Na'urar gwajin matsi da ake ɗaurawa a ramin fulogi ba ta maye gurbin wannan. Ita ƙarfin iska take nunawa yayin da inji ke juyawa, kuma abin da take nunawa cakuɗe ne na lafiyar zobe, da rufuwar bawul, da ƙarfin batir, da girman ɗaki. Silinda mai ƙaramin ɗaki da zobe mai yoyo tana iya nuna lamba ɗaya da lafiyayyiya.

Inda al'adar ta yi ƙarfi

A Amurka ne wannan awo ya zama ruwan dare, a hannun masu tseren motoci. Ƙungiyar NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a Kalifoniya a 1951, tana da rukunin tsere na motocin da dole injinsu ya tsaya kan ƙirar masana'anta. Don haka take fitar da mafi ƙarancin cc da aka yarda wa kowane irin kan inji, kuma ana iya kwance injin wanda ya yi nasara a auna. Ɗakin da ya gaza awo yana iya kwace wa mutum kofinsa. Masu haɗa injuna suka koyi kai kowane ɗaki daf da iyakar ba tare da sun tsallake ta ba.

Masu injin Chevrolet mai lita 5.7 kuma sun san kawunan injinsu da lambar cc kamar yadda ake sanin takalmi da lambarsa. Akwai masu ɗaki cc 64, akwai masu cc 76 waɗanda suka yawaita daga 1971, lokacin da General Motors ya rage matsin injunansa don su iya shan fetur maras dalma. Musanya ɗaya da ɗaya a bulo guda yana canza ninkin matsi da kimanin maki ɗaya. Ko a gasar Formula 1, ninkin matsi abu ne da doka ta ƙayyade: dokokin 2026 sun sauke iyakar daga 18:1 zuwa 16:1.

A waɗannan wurare, daidaitawa tana da ƙa'ida. Ƙarfe cirewa ake yi, ba a mayarwa cikin sauƙi, saboda haka ɗaki mafi girma ne ma'auni, sauran a faɗaɗa su har su kamo shi. Ana cire ƙarfen daga bangon da ya rufe gefen bawul, inda cirewar ke ƙara wa iska hanya. Ba a taɓa shimfiɗaɗɗen ɓangaren da ke fuskantar fistin daf da daf, domin shi ke watsa cakuɗen zuwa tsakiya ya gaggauta ƙuna. Ba a barin kaifi ko tsini, don yana yin ja da zafi ya kunna mai kafin lokaci. Bayan ɗakuna sun zo ɗaya, sai a goge fuska ko a zaɓi kaurin gaskit don a sami ninkin da ake so.

Hujjar masu cewa ɓata lokaci ne

Akwai mai cewa wannan sana'ar 'yan tsere ce, motar kai yara makaranta ba ta bukatarta. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Bambancin cc ɗaya a misalin da ya gabata yana canza ƙarfin silinda da abin da bai kai kashi ɗaya cikin 200 ba, kuma babu direban da zai ji shi. Kawunan inji da yawa suna fitowa daga masana'anta da ɗan bambanci tsakanin ɗakunansu, su kuma yi shekaru suna aiki lafiya. Wanda ya biya kuɗi aka daidaita masa ɗakunan motar gida har zuwa kashi ɗaya cikin goma na cc ya sayi abin da ba zai amfane shi ba. Bakaniken da bai ƙware ba kuma, idan ya shiga ɗakin ƙuna da dutsen niƙa, ɓarnarsa ta fi gyaransa.

Sai dai hujjar tana magana ne a kan kan injin da ba a taɓa ba. Wanda zafi ya lanƙwasa labarinsa daban ne. Alminiyom idan ya yi zafi fiye da kima yakan gantsare, kuma injin gogewa yana fara cin inda ya yi tudu, sai a ƙarshe ya taɓa inda ya yi kwari. Idan gefuna suka rasa milimita 0.3 tsakiya kuwa kusan ba ta rasa komai ba, ɗakunan gefe sun fi na tsakiya ƙanƙanta da fiye da cc ɗaya da rabi, ninkinsu ya kusa 10.3 na tsakiya na nan a 10. Idan an sake yanka mazaunin bawul a wasu ɗakunan, su kuma girma suke yi: bawul mai faɗin milimita 35 da ya nutse rabin milimita yana ƙara kusan rabin cc. Idan an yi waldar tsagewa a ɗaki ɗaya aka gyara da hannu, girmansa sai abin da awo ya nuna.

Illar wannan bambanci tana bayyana ne a wurin ƙwanƙwasa. Silinda mafi matsi ita ce ke fara ƙwanƙwasa, kuma ita ce ke yanke wa sauran hukunci. A motocin zamani akwai sensa da ke sauraren wannan ƙara, da ta ji sai kwamfutar inji ta jinkirta tartsatsi. A injuna da yawa jinkirin yana shafar dukan silindoji. Injin ya tsira, amma ƙarfinsa ya ragu, shan mansa ya ƙaru, salansa ta ƙara zafi, kuma babu fitilar da za ta kunnu ta sanar da direba. Tsofaffin motoci masu kafireto galibi ba su da wannan kariya, fistin ne ke shan dukan kai tsaye.

Inda abin ya shafi mai mota a Kano ko Maraɗi

Yanayi ukun da ke sa wannan awo ya zama dole sun haɗu a yankin nan. Na farko zafi: a watan Afrilu ma'aunin zafi yana haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kuma iska mai zafi tana kusantar da mai ga fashewa tun kafin a matse shi. Na biyu, motocin tsofaffi ne, da yawa sun taɓa yin zafi, musamman inda aka saba cika lagireto da ruwan famfo. Na uku, kan injin da aka sayo a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba ya zuwa da tarihinsa. Mai saye bai san ko an taɓa goge shi sau ɗaya ko sau biyu ba kafin ya iso hannunsa.

Masu ƙera motoci sun san haɗarin, shi ya sa suka sa iyaka. Littattafan gyaran injunan Honda da dama sun ce idan lanƙwasar ba ta kai milimita 0.05 ba a bar fuskar yadda take, kuma jimillar abin da za a kankare kada ta wuce milimita 0.2. Wasu littattafan Toyota cewa suke a canza kan injin gaba ɗaya idan ya wuce iyaka. Mai motar da ke lissafin kuɗin makaranta da na haya ba zai jefar da kan inji saboda milimita 0.1 ba, kuma babu mai ganin laifinsa. To amma wanda ya zaɓi wuce iyakar masana'anta ya ɗauki nauyin lissafin da masana'antar ta yi masa a da. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, injin da ke shan mai fiye da kima saboda an jinkirta masa tartsatsi yana cin aljihun mai shi kowane mako.

Ba kanikawa ne abin zargi a nan ba. Sana'ar da aka koya ta hanyar kallo da saurare ta samar da mutanen da ke gane ciwon inji daga ƙararsa, kuma wannan ilimi ne na gaske. Karin magana ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai kimar da ido ya sani ba ta kai rabin milimita ba. Kuma bakanike yana yin abin da ake biyansa ne. Mai motar da ke tsaye a kansa yana cewa yau yake son motarsa, yana kuma neman ragi a kuɗin aiki, shi ne ya cire awon daga lissafi tun kafin a fara.

Gyaran yana hannun ɓangarori biyu. Masu injin gogewa su ne ya fi dacewa su ajiye buret da faranti, su sa awon cikin kuɗin aiki, su mayar da kowane kan inji da 'yar takarda: nawa aka kankare, tsayin kan injin nawa ya rage, cc nawa ne a kowane ɗaki. Kwalejojin fasaha da ke koyar da gyaran mota suna iya koyar da wannan a darasi ɗaya, da kayan da ke ɗakin gwajin kimiyyarsu. Mai mota kuma ya nemi takardar, ya yarda ya biya, ya yarda mota ta ƙara kwana.

Idan lambobin suka zo, hukuncin ba shi da wuya. Ɗakunan da ba su bambanta da fiye da cc ɗaya ba, a motar yau da kullum, a bar su. Idan sun zo ɗaya amma duk sun ƙanƙance, gaskit mai ƙarin kauri yana mayar da abin da aka rasa, ga injunan da ake samun irinsa. Idan bambancin ya kai cc biyu ko uku, sai a faɗaɗa ƙananan a hannun wanda ya iya, ko a nemi wani kan injin. Ga injin dizal mai fesa mai kai tsaye, ɗakin ƙuna a cikin fistin yake, fuskar kan injin shimfiɗe take, don haka abin da ake aunawa shi ne fitowar fistin sama da bulo, a zaɓi kaurin gaskit da ita. A kowane hali, lokacin da kan inji ke kife bisa benci ne kaɗai awon yake da araha. Da zarar an ɗaure kusoshi, sanin girman ɗakunan zai ci sabon gaskit da kuɗin kwancewa na biyu.